Ranar da Surukata Ta Shiga Kotu Saboda Ni

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Zariya daga Kano, ni da matata da wani abokin aikina. Ba ziyara ce ta tayar da mu ba, kotu za mu. Ni direba ne, ina jan motar 'yan makaranta, amma ran nan a bayan motar haya na zauna, domin lasina yana hannun hukuma. Kafin mu kai Kura na yi ta taka birkin da babu shi har ƙafata ta yi tsami.

Ga yadda aka yi. Kwanakin baya na je ɗaurin aure Tudun Wadar Zariya a motar maƙwabcina. Daidai farin zanen da ake tsallake titi wata dattijuwa ta sako ƙafa, na tsaya cak. Tana ɗago kai muka haɗa ido, ashe surukata ce. Matata kuwa 'yar fari ce, don haka tun da aka yi aurenmu gaisuwata da Inna ba ta wuce ta bayan labule. Nan take ta ja mayafi ta rufe fuska, ta koma baya da sauri. Na jira, ta juya mini ƙeya. Na bayana suka cika ni da hon, na ja mota. Jami'in hanya da ke ɗaya gefen abin da ya gani ke nan: tsohuwa ta zabura baya, mota ta wuce. Ya rubuta mini laifin ƙin ba mai tafiya a ƙasa hanya, ya riƙe lasina. Na yi masa bayani, ya ce in nuna masa surukar, ita kuwa tuni ta shige lungu. Da na dawo, shugaban makarantarmu ya ce biyan tara amsa laifi ne, kuma ba zai ɗora 'ya'yan mutane a motar wanda ya kusa take tsohuwa ba. Ko in wanke kaina a kotu, ko in ajiye makulli.

Hanya ta yi kyau, sai dai kuɗin mota ya hau har abokina ya tambayi direba ko da karin kumallo a ciki. A Kwanar Ɗangora aka tsaya, masu ƙosai da rake suka yanyame mu. Ƙosan da zafinsa, ga yaji mai tafarnuwa, amma ko guda ban ci ba. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. Ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba, kuma shaidata ɗaya tilo mace ce da ba ta taɓa kiran sunana ba.

Muka sauka a Kwangila, muka hau a-daidaita-sahu zuwa Tudun Wada. Gari ya cika, ɗaliban jami'a na Kongo na sauri, masu kayan miya sun baje har bakin kwalta. A gidan surukai na tsaya a zaure, matata ta shiga roƙon Inna ta zo ta ba da shaida. Ta daɗe. Da ta fito sai ta ce Inna ta saurare ta tsaf, sannan ta ci gaba da tsince shinkafarta. Haka muka wuce kotu ba shaida.

Ɗakin ƙarami ne, fanka na juyawa ba iska. Waɗanda aka kira kafin ni duk tara suka sha. Da aka kira sunana na miƙe na je gaba. Jami'in ya faɗi abin da ya gani, kuma wallahi bai ƙara ko kalma ba. Na faɗi nawa, aka kwashe da dariya a baya. Mai shari'a, wata mace mai gilashi, ta dube ni ta ce, "Malam, ina surukar taka?"

Sai na ji takun silifa a bakin ƙofa. Inna ce, lulluɓe da mayafi. Ta zo ta tsaya, fuskarta ga bango, bayanta gare ni.

"Ranki ya daɗe, ya tsaya. Ni ce na koma."

"Wane ne ya tsaya, Hajiya? Faɗi sunansa."

Na ga gumi ya jiƙa mayafinta. Can ta ce a hankali, "Uban jikokina."

Mai shari'a ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ce ita ma tana da suruki, ta fahimta. Ta soke takardar laifin, ta ce a mayar mini da lasina. Kafin in gama godiya Inna ta fice.

Da la'asar muka juyo. A hanya na ci rake kamar ba ni ba, har na yi gyangyaɗi. Mun iso gida lafiya, washegari na koma bakin aikina.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, na daɗe ina ɗaukar shirun Inna a matsayin nisa, alhali tsoron da na ji a kotun bai kai rabin nata ba, kuma ta zo. Da matata ta kira ta don godiya, ba ta bari an gama ba. Ta ce, "Ki ce da shi, in ya sake shigowa gari, ya riƙa bi ta Kongo. Ni ba zan iya wannan sau biyu ba."