Makahon da Ya Gane Ɗaurinsa a Motar Babana

Ko da zan manta komai na rayuwata a Yamai, ba na jin zan manta satin da aka sake wa motar babana wayoyi.

Tsohuwar mota ce fara, samfurin nan da ake kira kat-san-kat, ta girme ni. Da ita ya kwaso mu daga Dogonduci lokacin da aka maido shi koyarwa birni. Daga baya ta yi shekaru a kafe cikin gidanmu na Banifandu, ɓeraye suka cinye wayoyinta. Da auren ƙanwata ya matso, Baba, wanda ciwo ya riga ya kwantar, ya ce da motarsa za a kai amarya majami'a. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da likita ya gaya mana game da kwanakinsa, don haka ban yi gardama ba.

Injin bai ba da wahala ba. Wuta ce ta gagara. Mai gyaran farko yana haɗa batir hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin tablo, wato allon gaban direba, ya tattara kayansa ya tafi. Wani mai sai da wayar wuta a kasuwar Katako ne ya kwatanta mini wani dattijo a unguwar Zongo, ya ce in shi bai iya ba, a haƙura.

Da na iske shi gabana ya faɗi. Tsohon ba ya gani. Na fara neman hanyar sallama cikin ladabi, sai ya ce da Hausarsa mai gardin Zabarmanci, "Ɗiyata, ke kina da ido, ni ina da hannu. Mu je."

Kwana shida ina zaune gefensa ina faɗa masa launin waya. Sau da yawa ma bai buƙaci hakan ba. Zai murza waya tsakanin yatsu, daga kaurinta ya ce wannan ta fitila ce, waccan ta oda. Ya zare tsofaffin duka, ya shimfiɗa sababbi, ya naɗe su tsaf kamar kitso. Na ga ƙwararrun likitoci suna ɗinki, amma ban taɓa ganin hannu mai natsuwa irin nasa ba.

Rana ta huɗu, hannunsa na bayan tablo, sai ya tsaya cak. Ya daɗe yana shafa wani ƙulli, sannan ya tambaya ko mai motar na kusa. Muka fito da Baba a kujera. Dattijon ya tambaye shi ko fitilun motar sun taɓa mutuwa ana gobe zai yi tafiya, ya kai ta wani garaji kusa da kogi. Baba ya ce an yi haka, a wani zuwa da ya yi Yamai shekarar da aka haife ni.

"Ni ne na ɗaura wannan," in ji shi. "Sauri nake, ban sa fizibil ba, ɗan abin da ke yanke wuta in ta yi yawa. Nan ne wutar ta kama. Ka yafe mini, Malam."

Shekara kusan arba'in, motoci ba iyaka, ga shi babu ido, amma yatsunsa sun gane ɗaurinsu, kuma bakinsa bai ɓoye ba. Da ya yi shiru, wa zai sani? Baba ya kama hannunsa ya ce ai ɗaurin ya kai shi gida ya dawo da shi, babu abin yafewa. Tsohon dai bai yarda ba sai da ya ji kalmar yafiya daga bakin Baba.

Ranar Juma'a da hantsi dattijon ya ce in murza makulli. Motar ta tashi, kowace fitila ta kama. Ya kara tafinsa jikin gilashin fitila, ya ji ɗumi, ya gyaɗa kai. Washegari Baba ya zauna gaba, amarya a baya, ni na tuƙa. Bai kai damina ba ya rasu.

Tun daga lokacin, in gajiya ta sa na so in gaggauta ɗaure wa majinyaci rauni, sai in sassauta. Na koyi cewa aikin da ka yi a inda ido ba ya kaiwa yana nan yana jiranka, kuma mutumin kirki shi ne wanda in ya sake cin karo da shi zai ce, nawa ne.