Alewar da na kasa sha

Jama'a, yau Rashancin da nake koya don tafiya Mosko ya ɓatar da wata baiwar Allah!

A wata tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da ke unguwar Wustul Balad a nan Misira na ga wata tsohuwa 'yar Rasha tana waige-waige. Na gaishe ta da harshensu. Ta yi murna, ta dinga zuba bayani. Wallahi ban fahimci komai ba! Kunya ta hana ni faɗa. Na gyaɗa kai, na nuna mata jirgin da ke zuwa unguwar Ainu Shams. Ta ba ni alewa, ta shige.

Sai wani Bamisire mai jin Rashanci ya ce, "Ya akhi, ɗan'uwa, ba can za ta ba, unguwar Zamalek take nema, ofishin jakadancinsu. Fasfonta ya ɓace."

Na ce, "Me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Ai na ga ka iya."

Alewar tana aljihuna har yanzu.