Mai Baƙar Kwat da Tsohon Lebura a Gagarawa

A shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta Gagarawa, sayar da ruwa ce sana'ata. Ina ɗebowa a rijiyar unguwarmu, in ɗora wa jakuna, in kai sansanin leburori. Mutanen sansanin daga ko'ina suke. Akwai namu na Ɗanzomo da Sule Tankarkar, da Damagarawa da suka tsere wa aikin tilas na Faransa, sai mutanen kudu, waɗanda yawancinsu Kirista ne. Kafin nan ban taɓa zama da Kirista ba.

Sun kafa rumfar zana a bayan sansani, nan suke taruwa ran Lahadi. Mai ja musu addu'a wani tsoho ne, lebura kamar kowa, katakon layin dogo yake ɗauka a kafaɗa. Hausarsa a karye take, kuma mu da su duk Baba muke ce masa.

Da bazara ta kama sai aka turo musu babban mai wa'azi daga Kano. Na ga masu ji da kai a rayuwata, amma wannan daban ne. Cikin zafin da ko kare ba ya yarda ya fito rana, shi baƙar kwat yake sawa har wuya, yana zufa kamar sabuwar randa, an kuma cire lebura guda daga aiki yana riƙe masa laima. Ran da na fara kai masa ruwa na ce sannu da zuwa Malam. Bai dube ni ba. Sai ya sa kukunsa ya gaya mini ba a yi masa magana kai tsaye, kuma shi ba malam ba ne, yana da wani dogon laƙabi na Turanci. Hausa kuwa yana jinta sarai, don na ji yana zagin kukun da ita.

Aikinsa na farko shi ne sauke Baba daga jan addu'a. Ya ce wa ya naɗa shi, ga shi yana warin kwalta. Leburori suka so su yi gardama, Baba ya hana su. Ya koma can baya yana zama a ƙasa, shara da yayyafin rumfar suka zama nasa.

Ana nan sai wani bikinsu ya zo. Baba ya bayyana mini cewa a wurinsu Almasihu ya taɓa durƙusawa ya wanke ƙafafun almajiransa, don haka babba yakan wanke na ƙanana a wannan rana. Aka ce in kawo ruwa da yawa, shi ya sa na ga abin da idona. Mutumin nan bai zaɓi lebura ko ɗaya ba. Akawuna ya zaɓa, masu takalma. Su ma sai da kuku ya kai su bayan rumfa ya cuɗe musu ƙafa da sabulu, sannan suka jera a kan benci. Aka shimfiɗa masa mayafi don kada wandonsa ya taɓa ƙasa, ya ɗiga wa kowa ruwa da bakin yatsa, ya miƙe yana huci kamar wanda ya nome gona. Daga nan ya daɗe yana wa'azi a kan ƙanƙan da kai, ana yi masa fifita. Masu faso a ƙafa suna zaune a rana suna kallo.

Ba a jima ba sanƙarau ya shiga sansani. Mutum zai tashi lafiya, kafin azahar wuya ya sanƙare, yana sambatu. Aka ware marasa lafiya a wata bukka nesa, kowa yana tsoron zuwa. Ni kaina daga nesa nake ajiye tulu. Baba ne yake fitowa ya ɗauka. Shi ke ba su kunu, shi ke juya su, shi ke kwashe ƙazantarsu, bai tambayi addinin kowa ba.

Mai baƙar kwat ya toshe ƙofarsa da bargo. Ya aiko kuku ya ce ruwan wankansa kada ya ragu, kuma in ware masa jakin da bai taɓa bi ta wajen bukkar ba.

Wani Badamagare ya rasu, ba shi da kowa a nan. Da hantsi Baba ya zo har ƙofar gidanmu, ya tsaya daga nesa.

"Ɗana, wannan naku ne," in ji shi. "Ka kira liman a yi masa yadda kuke yi. Rami na riga na haƙa."

Na kira liman, muka tafi mu kaɗan. Kabarin ya fuskanci inda ya kamata, ashe sai da Baba ya tambayi wani lebura Musulmi. Muna salla yana tsaye can gefe, hularsa a hannu.

Labari ya kai wa babban. Ya sa aka tsayar da Baba a rana, shi yana daga bayan bargo, ya yi ta faɗa wai ya zubar da darajar aikin Ubangiji yana yi wa waɗanda ba nasu ba bauta. Ina wurin da jakuna. Da ya gama, Baba ya ce:

"Na ji, ranka ya daɗe. Cikin namu akwai biyu da ba za su kai gobe ba. Suna so ka zo ka yi musu addu'a."

Daga bayan bargo aka ce addu'a ba ta buƙatar kusanci. Washegari aka ɗora shi a ɗan keken dogo da leburori ke turawa, da akwatunansa, wai an kira shi Kano da gaggawa. Mutanen biyu a hannun Baba suka cika.

Ciwon bai lafa ba sai da aka yi ruwan farko. Baba ma ya kamu, ya tashi, amma kunne ɗaya ya mutu. Bayan damina na haɗu da ɗaya daga cikin akawunan a kasuwar Maigatari, ya ce mai kwat ya sami ƙarin girma, yana ta ba da labarin yadda ya yi jiyyar masu sanƙarau a dajin Gumel, mata har suna kuka. Na tofar da yawu. Da na kai wa Baba labarin sai da na maimaita a kunnen da ke ji. Ya ce Allah ya taimake shi da nauyin da aka ƙara masa, ya sunkuya ya ɗauki katakonsa.

Da aikin ya wuce gabas sansanin ya tashi, Baba ya bi su. Ban sake jin ɗuriyarsa ba.