Erbag ɗin da na ce na kashe

Ni tela ne a unguwar Briqueterie, kuma duk wanda ya taɓa kai wa tela ɗinki ya san bakinmu. "An gama, saura guga," alhali yadin yana ninke a ƙasan tebur, almakashi bai ko taɓa shi ba. Mun saba har ba ma jin nauyinsa. Da wannan bakin na amsa wa ƙanwar matata, a kan abin da ba riga ba ne.

Ita ƙanwar tana aure a Beljiyam. Da aka haifa mana ɗanmu na fari, sai ta aiko da kujerar jariri ta mota, mai kama da kwando. Ta kira ni ina tsakiyar yanka wuyan wata riga.

"Tela, ajiye almakashin nan, ina jin ƙararsa. A baya ake ɗaure kujerar. In dole ta sa ka ɗaure ta a gaba, to sai ka kashe erbag tukuna. Ka ji ko?"

Ta yi min bayani. Erbag jakar iska ce da ke ɓoye cikin tablo, wato allon gaban mota, daidai gaban mai zama kusa da direba. In an yi karo takan fito da ƙarfi ta tare ƙirjin babba. Ita kuwa kujerar jariri baya take kallo, ƙeyar yaron tana daf da tablo, daidai bakin jakar. Ta ce motoci irin tawa, tsofaffin Turai, suna da wani ɗan rami da ake sa makullin mota a murɗa, jakar ta mutu. Na ce na ji.

Na duba kuwa, sau ɗaya. Na zauna a mazaunin direba, na miƙa hannu na buɗe akwatin tablo, na lalube tsakanin takardu da tsofaffin zik, ban ga rami ba. Sai ga mai ɗinkin biki ta tsaya a ƙofar shago tana ƙwala min kira. Na rufe na fita. Da ƙanwar ta sake kira, bakina ya riga ni.

"An gama."

"An gama na tela, ko an gama na gaskiya?"

Na yi dariya, ita ma ta yi. Matata ta tambaye ni daga baya, na maimaita mata.

Laifina bai tsaya nan ba. Tun ina sabon sayen motar na ɗinka wa kujerar baya riga ta yadi mai kauri, na ja ta tam, na rufe duk bel ɗin ɗaure fasinja da ke wurin, don a ganina suna ɓata kyan ɗinki. Saboda haka babu abin da zai riƙe kujerar jariri a baya. Gaba kaɗai ta rage.

Matata ta yi wankan jego a gidan mahaifiyarta a Elig-Edzoa. Ranar da ta cika arba'in na je ɗauko su da hantsi, an yi ruwa da asuba, jan taɓo ko'ina. Surukata ta ce za ta raka 'yarta. Aka cika but ɗin mota da kwanuka da garin kunu da babbar robar wanka. Ba wadda za ta zauna kusa da ni: surukata ba za ta yi ba, matata kuma ba za ta yi a gaban uwarta ba. Suka shige baya. Kafin su shiga, surukata da kanta ta kwantar da yaron cikin kujerar a gaba, don ɗan fari ne, ni da uwarsa ba ma ɗaukarsa a gaban manya, ko sunansa ba ma kira. Ni dai na ja bel na ɗaure, kaina a sunkuye.

Tunda na auri 'yarta, bayan gaisuwa surukata ba ta taɓa yi min magana kai tsaye ba. Ta bakin matata take bi, ko da ina tsaye a wurin.

"Ce masa ya tafi da maigidana a hankali," in ji ta. Haka take kiran jikan nata.

"An ce ka tafi a hankali."

"To."

Muna hawa titi rana ta faɗo a kan yaron. Na miƙa hannu na sauke marfin tare rana na ɓangarensa. A bayan marfin akwai hoto, wanda ban taɓa lura da shi ba: kujerar jariri, jaka ta fashe a bayanta, an ja jan layi a kai. Ba sai mutum ya yi boko mai zurfi ba. Na mayar da marfin sama, rana ta dawo. Na sake sauke shi, hoton ya dawo.

Daga nan hanyar da nake bi kullum ta zame min wata iri. Kowace taksi sai na ga kamar ni take jira ta ci burki. Masu moto, wato babur, suna kutsowa ta hagu da dama, madubinsu na gogar nawa. A gangare na danne burki har na bayana ya dinga danna hon. Na ce a raina ai hanyar ba nisa. Na ce wataƙila ma an cire jakar tun kafin motar ta bar tashar jirgin ruwa, haka ake faɗa a majalisa. Na ce in mun isa gida zan duba. Wato dai ina yi wa kaina "saura guga". Abin da ya hana ni tsayawa ba komai ba ne sai matar da ke zaune a bayana. Yaya zan buɗe baki a gabanta in ce na yi ƙarya?

"Ce masa ban ce ya yi rarrafe ba," in ji surukata.

Matata ba ta isar da saƙon ba. Ta madubi na ga ba ni take kallo ba, marfin take kallo.

Kusa da shataletalen Nlongkak taksin gabana ta tsaya cak don ɗaukar fasinja. Na taka burki, robar wanka ta daki bayan kujera, hancin motata ya tsaya saura ƙiris. Yaron ya ɗan motsa hannu, bai ko farka ba. Wannan barcin nasa ne na kasa jurewa. Na karya kan mota zuwa gefe, na hau bakin kwata, na kashe. Wani mai moto ya wuce yana zagina da Faransanci.

Na zaga na buɗe ƙofar ɓangarensa, na kwance shi, na ɗauke shi a hannuna a gaban surukata. Ban taɓa yi ba. Na ji ta ce "A'a!" a hankali. Na miƙa shi ta taga, ta karɓa.

"Inna, ku yi haƙuri. Abin nan da aka ce in kashe, ban kashe ba. Ƙarya na yi."

Ina juyowa in rufe ƙofar sai na gan shi: ɗan ramin makulli a gefen tablo, wurin da ƙofa ke rufewa a kai. Daga mazaunin direba ba za a taɓa ganinsa ba, sai an zaga an buɗe, ni kuwa ban taɓa zagawa ba. Na zare makullin mota na sa, na murɗa. Na koma na kunna, wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a tablo ta tsaya, alamar jakar ta mutu. Matata ta leƙo tsakanin kujeru ta karanta rubutun da ke jikin fitilar da idonta, ba ta tambaye ni ba. Sannan ta karɓi yaron daga hannun uwarta, ta fita ta mayar da shi kujerarsa, ta ja bel ɗin da kanta.

Muka ci gaba da tafiya har muka shiga unguwa, hayaƙin masu tsire ya fara shigowa ta taga. Ina tuƙi ina satar kallon fitilar, kamar za ta mutu in na ɗauke ido. Har yau haka nake da ita.

A ƙofar gida maƙwabta suka fito tarbar mai jego, aka shige da yaron. Surukata ba ta sauka ba. Tana zaune tana shafa rigar kujerar baya, yatsanta na bin layin ɗinkina har inda ƙarfen bel ya yi tudu a ƙarƙashi. Na tsaya ina jiran ta kira 'yarta ta ba ta saƙo. Sai ta ɗago ta dube ni, ni kaina.

"Ɗinkin ya yi kyau. Ɗauko almakashinka."

Shagon yana bayan layi. Na je na ɗauko da sauri. Ta matsa gefe, ta ja min yadin da hannu biyu, na durƙusa a bakin ƙofar mota ina farke shi zare bayan zare, har bel na farko ya fito, duk ƙura.