Jirgin da Muka Noma

Buhu goma sha huɗu ne na shinkafa shanshera busasshiya, kowanne ya cika har da ƙyar aka ɗinke bakinsa. Ina cikin waɗanda suka ɗora su a amalanke biyu da safiyar wata Lahadi, a kakar shekarar da na shiga aji biyar, don haka ba labari aka ba ni ba. A cikin buhunan nan akwai hutun damina guda na yaran azuzuwa biyu, akwai rabin gonar babana da tsuntsaye suka cinye saboda ba na nan, akwai kuma alkawarin jirgin ruwa guda ɗaya, na katako, wanda zai riƙa ƙetaro mana da malaminmu idan ruwa ya yanke hanya. Hedimasta ya hau amalanken gaba, ya tattare farar rigarsa a cinya, muka bi shi a guje har bakin gari muna ɗaga masa hannu. Ban taɓa yin murna da ganin kaya sun bar hannuna irin ta ranar ba, ban kuma sake ba.

Ƙauyenmu yana cikin fadamar Auyo, a kan wani ɗan tudu. Da rani mutum zai tuƙa keke har ƙofar makaranta. Amma da damina ta yi nisa kogi ya tumbatsa, sai wani kwari da ke tsakaninmu da hanyar Hadejia ya cika, mu zama tsibiri har cikin kaka. Jiragen da ke garin na masunta ne, su kuwa da asuba suke fita duba taru, ba wanda zai bar kifinsa ya tsaya jiran malamin makaranta. Malamanmu duk daga ƙetare suke zuwa. Saboda haka zangon farko na kowace shekara sunan makaranta kawai muke ji: mu zo, mu share, mu buga langa da 'yar carafke, rana ta take mu watse.

Mutum ɗaya ne ruwan bai hana ba, Malam Isyaku, malamin lissafi. Yakan ajiye kekensa a wani gida a ƙetare, ya ari goran masunta, babbar ƙwaryar nan da ake kifa ciki a kanta a yi iyo, ya naɗe rigarsa da allinsa ya ɗaure a ka, ya taho yana tuƙi da hannu. Mukan yi layi a bakin ruwa muna ƙyalƙyala dariya, shi kuma ya fito yana ɗiga yana cewa, "Ku yi ku gama. Wanda bai haddace sau bakwai ba shi zai mayar da goran." Da tarwaɗa da mudun shinkafa yake koya mana lissafi. Ya san sunan uban kowa da inda gonarsa take. Idan yaro ya yi fashi ba ya dukansa, gidansu yake zuwa ya zauna a zaure har a ji kunyarsa.

Hedimasta, Malam Datti, a shekarar aka kawo mana shi. Dogo ne, mai tsabta, mai daɗin baki. Shi ya sa aka shafa wa duwatsun gindin tuta farar ƙasa, ya rataye tsohon ƙarfen tayar mota ya zama ƙararrawa. Da ya ga Malam Isyaku a kan gora, sai ya tara mu ya ce abin kunya ne ga gari guda a ce malami yana zuwa aiki kamar kwaɗo. Ya ce makaranta za ta yi jirginta, kuma ba za ta roƙi kowa ba: Maigari zai ba da fili a fadama, 'yan aji huɗu da aji biyar su noma shinkafa, a sayar, a ƙera jirgi. Ya ce damina mai zuwa duk malamai za su riƙa zuwa a kan lokaci, mu da za mu shiga aji shida mu samu karatun da za mu ci jarrabawar shiga sakandare.

Wahalar ba a noman take ba, a tsaro take. Idan shinkafa ta fara ɗaukar nono, tsuntsayen nan janbaki suna zuwa garke-garke kamar hayaƙi, su sauka a gona su tashi su bar maka kara. A lokacin nan kowane gida yana buƙatar yaronsa fiye da kowane lokaci, domin yaro ne mai zama a kan rumfa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yana kora. Babana ni kaɗai gare shi namiji da ya tasa. Da aka kawo maganar ya ce idan na tsare ta makaranta, wa zai tsare tamu? Malam Isyaku ne ya bi gida-gida yana rarrashi. Ya zauna a zaurenmu ya ce wa babana shekara ɗaya ce kawai, kuma yaron nan yana da kan lissafi, kada ruwa ya tare shi. Babana ya ci gaba da gyaran komarsa ta kamun kifi, sannan ya ce, "Don kai ne, Malam."

Aka taru a ƙofar gidan Maigari bayan la'asar, Hedimasta ya maimaita alkawarinsa a gaban dattawa, liman ya ja addu'a, aka shafa fatiha. A garinmu idan aka shafa fatiha a kan magana, ta ƙare. Da ita ake sayar da saniya, da ita ake ba da aron gona. Wanda ya sake tambaya bayan fatiha ya nuna bai yarda da mutumin ba, ya kuma nuna bai yarda da fatihar ba, wannan kuwa ba mai son a ji shi da shi. Don haka ba a ce wane zai raka shinkafar kasuwa ba, ba a ce wane zai je ya ga kafinta ba.

Filin da aka ba mu kacalla ce ta cinye shi, ciyawar nan mai tsawo da ke toshe hanyar ruwa. Muka shiga da adda da lauje, ruwa har gwiwa, ganyenta yana yanka mana hannu, matsattsaku suna manne mana a ƙwauri mu sa gishiri su faɗi. Muka yi dashe a layi, Malam Isyaku yana riƙe da igiyar awo, yana tambayar mu layi nawa za su shiga idan an bar taku ɗaya tsakani. Hutun nan duk ba mu huta ba, kuma ba wanda aka kira sau biyu. Yaran da a da sai an jawo su makaranta da kunne, su ne suke riga kowa zuwa. Da lokacin tsaro ya zo muka kafa rumfuna a kusurwoyin gonar, muka ja igiyoyi muka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, muka cika aljihu da curin laka na majaujawa. Makogwaro ya dushe don ihu. Daga kan rumfata ina hango gonarmu can nesa, ina ganin baƙin garken yana sauka a kanta, innata da ƙanwata suna ta kaɗa zane ba sa isa. Sai in juya baya in ja igiyata.

Har suna mun raɗa wa jirgin. Jummai, wadda ta fi mu duka baki da ƙoƙari, ita ta ce a rubuta masa "Ba Fashi" a gefe da jan fenti. Muka yi ta gardama a kan wanda zai riƙe gwangwalar tuƙi, har aka yi dambe.

Da Hedimasta ya dawo daga Hadejia ya ce kafinta yana jiran katako mai kyau. Wata ya wuce, ya ce katako ya zo amma bai bushe ba. Aka yi hutu aka dawo. Ranar da aka koma, muna tsaye a layi, sai ga ƙarar inji daga bakin gari, sai ga Hedimasta a kan sabon babur, ledarsa ma ba a ɓare ba. Ya kafe shi a gindin tuta. Ya ce ya yi dogon tunani, ya ga jirgi wata uku kawai yake aiki a shekara, babur kuwa kullum. Da shi zai riƙa kai kukan makaranta wurin manya, a kawo mana kujeru da littattafai. Ya ce wannan na makaranta ne, guminmu ne, mu tafa wa kanmu. Muka tafa, domin an ce mu tafa. Jummai ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Ya iya iyo?" Ban yi dariya ba. Malam Isyaku nake kallo, yana tsaye a ƙarshen layin malamai, hannayensa a baya, idonsa a ƙasa.

Ba wanda ya tunkari Hedimasta. Maigari ya ce malami ne, ya fi mu sanin abin da makaranta take buƙata, kuma an riga an shafa fatiha da shi, ba za a tsaya ana titsiye shi kamar ɓarawon akuya ba. Fushin bai ɓace ba, wuri ya sake, ya sauka a kan wanda hannu yake kaiwa. Gaisuwar da ake yi wa Malam Isyaku ta gajarce. Mai ba shi aron gora ya ce goran ya tsage. Rannan Malam ya zo wucewa ta ƙofar gidanmu, a shekarar da muka fara awon hatsi tun kafin rani ya raba, babana ya amsa sallamarsa ya ce, "Kai ka shigo zauren nan, ba shi ba." Malam Isyaku ya ce, "Ni ne, Baba." Ya ɗan tsaya ko akwai saura, babu, ya ja kekensa.

Kafin ruwan farko ya sauka aka mayar da Hedimasta wata babbar makaranta a cikin gari. Babur ɗin makaranta ya bi shi.

Da kwarin ya sake cika muka je bakin ruwa muka yi layi kamar da. Malam Isyaku ya zo sau biyu ko uku, daga nan ya zama kamar sauran malaman. Da ruwa ya janye ya dawo, amma ba shi ne ya dawo ba. Sai ya cika allo da lissafi, ya ja kujera bakin ƙofa ya zauna yana kallon fili. Ba tarwaɗa, ba mudu, ba zuwa gidan kowa. Da dukanmu ya riƙa yi da ya fi mini sauƙi. Da janbaki suka zo ajin ya watse, babana bai ma buɗe baki ba, ni na ɗauki majaujawata na hau rumfarmu. Bayan girbi na bi kawuna kasuwa da buhunan gonarmu, na ga ina gane awo fiye da dillalan, na zauna. Jummai kaɗai ta zauna jarrabawar a ajinmu, ba ta samu ba, domin ba a koya mata rabin abin da aka tambaya ba.

Yau ina da shago da sito a kasuwar Hadejia, shinkafar Auyo da ta Guri da ta Kaugama tana ratsawa ta hannuna. Shekarun baya wani dattijo ya kawo mini shanshera a sayar masa, farar riga, tsayin nan bai rage ba. Na gane Hedimasta ne, na gaishe shi, na faɗa masa ɗan gidan wane ne ni. Ya yi murna ƙwarai, ya dafa kafaɗata ya juya wurin yarana ya ce, "Kun ga ɗana nan? Ni na sa su noman shinkafa. Ga amfanin gonar makaranta." Na bari aka gama awo, ban rage masa ko cikin gwangwani ba, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, ina labarin jirginmu?" Ya dube ni ya ce, "Wane jirgi?" Sana'ata ta koya mini gane fuskar mai ƙarya. Na duba tasa da kyau. Ba ƙarya yake yi ba, ya manta ne.

Kwanan baya ina shago na ji a rediyo ana hira da masu binciken harkar ilimi, suna cewa ƙoƙarin malami da ƙwazon yaro duk suna rataye ne da irin shugaban da makaranta take da shi, musamman ko ana iya dogara da maganarsa. Ban yi karatun da zan ja da su ba, kuma ba ni da abin ja. Na ga yaran da ba a biya su ko sisi ba suna shiga kacalla da murna, na ga mutumin da yake ƙetare kwari a kan ciki don ya koya wa 'ya'yan wasu sau bakwai, na kuma ga safiya ɗaya ta kashe duka biyun.

Yanzu an yi kwalbati a kwarin, babura suna wucewa ko da tsakiyar damina, makarantar ma ta samu sabbin azuzuwa da rufin kwano. Malam Isyaku ya rasu ba mu sake zama ba. Idan na je ɗaukar kaya da kaka nakan ji ƙarar gwangwanaye daga fadama a lokacin da ya kamata a ce yaran suna aji, wani lokaci in rage gudu a kan kwalbatin in dubi wurin da muke layi.

Idan na zauna na yi lissafi, ribar da na ci ita ce tun daga ranar ban sake sakin buhu ba sai na ga abin da zai dawo, ko da an shafa fatiha sau goma, kuma da wannan na gina duk abin da nake da shi. Hasarar kuwa ba buhu goma sha huɗu ba ce, yau ina ɗora fiye da haka kafin in karya kumallo. Malami guda muka rasa, da aji guda na yaran da suka taɓa riga ƙararrawa zuwa makaranta. Wannan har yau ban ga kasuwar da ake mayar da shi ba.