Karan Da Na Tsoma a Ramin Maiƙo

Ko yau na tuna safiyar nan sai na ji warin a hancina, kuma ba na jin akwai ranar da za ta fita daga raina. Lokacin watana biyu da samun aikin wanke-wanke a wani gidan abinci a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, inda ma'aikatan asibiti ke cin na rana. Da aikin nan nake riƙe 'ya'yana uku.

A bayan kicin akwai wani ramin siminti mai murfin ƙarfe, shi yake tare maiƙo kafin ruwan wanke-wanke ya faɗa kwata. Ran nan ruwa ya ƙi wucewa, wari ya kai har wurin masu cin abinci. Hajiya mai gidan ta shigo a fusace.

"Ke ce kike tura shinkafa a bututu! In azahar ta yi bai wuce ba, ki nemi wani wurin."

Na ce, "Hajiya, a duba ramin tukuna."

Baba mai girki ya ɗaga murfin, ya leƙa, ya yi dariya. "Ga ruwan nan inda yake kullum, ko bakin ramin bai kawo ba. Ko a ajin yaƙi da jahilcin da kike zuwa aka koya miki aikin famfo?"

Ni da na tashi ina matsar man gyaɗa a ƙauyenmu, na san mai sama yake hawa, tsaki ya kwanta ƙasa. Na zaro kara daga danga, na tsoma a hankali har ya taɓa ƙasa. Da na ciro, maiƙo fari ya daskare a jikinsa ya fi taƙi guda, ƙasa baƙin laka, ruwan tsakiya bai fi yatsa uku ba.

Baba ya daɗe yana kallon karan. "Ashe da cikinsa ya ƙoshi, ba da baki ba!"

Hajiya ta sa aka kira masu kwasa, kafin azahar ruwa yana gudu. Ba ta ba ni haƙuri ba, amma da zan tafi ta ce, "Maman yara, daga yau ramin nan a hannunki yake." Duk Asabar nakan tsoma kara, in maiƙo da laka sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na zurfin ramin, sai in ce a kwashe.

Abin da na koya shi ne, in an ɗora maka laifi, kada ka ɗaga murya. Nemo abin da ido zai gani, shi zai yi maka magana.