Katin wayar da Kawu ya kankare a Guangzhou

Ana kiran assalatu muka bar Kano, ni da kawuna, shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik. Sai washegari muka sauka a filin jirgin Baiyun na birnin Guangzhou, ƙafafuna sun kumbura. Titunansu hawa-hawa ne, ko'ina tutoci. A garin Xintang muka sari wandunan jins, araha har ta sa na fara zargin ɗinkin. Abinci kuwa taliyar Musulmin ƙasar ce ta cece mu, don Kawu ya ce shi da cin shinkafa da tsinke sai dai a lahira.

Kawu shi ne shugaban kwamitin layinmu a kasuwa. Shi ya tsaya kai da fata har aka hana mai jaridar bakin ƙofa sayar da takardun cacar ƙwallo. Mai jaridar bai haƙura ba, sanadi kawai yake jira.

Rana ta huɗu a unguwar Liwan kuɗin wayar Kawu ya ƙare. A gida wurin mai jarida ake sayen katin waya, don haka ya nufi wata rumfar jarida, ya nuna wani kati mai kyalli, ya biya, ya kankare da farce. Yana neman lambobin da zai loda, matar rumfar ta hau tafi tana "Laoban! Laoban!", wato maigida. 'Yan kasuwarmu uku da ke wucewa suka tsaya.

Wani ɗan zangon Kumasi mai jin yaren ƙasar ya leƙa katin ya ce, "Alhaji, wannan ai caca ce ta wasanni. Kuma ka ci."

Nan take na tuna da mai jaridar kasuwarmu. In labarin nan ya riga mu gida, dokar Kawu ta rushe.

Kawu ya ce a mayar wa matar da katinta. Ta nuna takardar izinin gwamnati da ke manne a bango. Ɗan zangon ya fassara: kati in an kankare ba ya komawa, ita kuma ba za ta ci kuɗin wani ta rasa izininta ba.

Kawu ya ɗaga katin sama. "Ku shaida." Ya yaga shi gida biyu, ya sa a aljihu. Matar ta dafe kai, ni kuwa daɗi kamar in yi guɗa.

Da muka dawo, labarin ya riga mu, an ma ƙara masa gishiri. Mai jaridar har ya baje takardunsa na caca. Kawu ya tara kwamiti, ya ajiye yagaggen katin a kan benci, ya ce, "Ni da furfurata na ruɗe, saboda an jera shi kusa da jarida. Ina ga wanda bai san komai ba?"

Kwamiti ya bar dokar yadda take. Abin da na koyo a tafiyar nan ke nan: in ka yi kuskure, ka faɗa da bakinka. Kafin la'asar mai jaridar ya tattare takardunsa, Kawu kuma ya sayi jarida a wurinsa.